Farin raken da na bar wa Hamidu

Shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wata safiyar Lahadi cikin sanyin Disamba, kakanmu ya zauna bakin rijiyar garkarsa a fadamar Bengou, da sanda biyu na rake a kan cinyarsa. Ɗaya tawa ce, ɗaya ta Hamidu, ɗan gwaggona, taubashina. Ya fere tawa ya tauna, ya yamutsa fuska ya tofar, ya ce waye ya jiƙa masa kanwa da sassafe. Ya fere ta Hamidu, ruwan na bin gemunsa, bai ɗago kai ba sai da ya kai ƙarshenta. Hamidu na tsaye yana min gwalo ta bayan tsohon. Wallahi ji na yi kamar in sure shi in jefa a rijiyar.

Ba rake kaɗai muke takara a kai ba. Gwiwoyin Kaka sun gaji, ya ce garkar da haumarsa, fartanyar da yake noma da ita, zai ba wanda ya nuna hannun noma a cikinmu. Ni ɗan ɗa ne, a ganina magana ta ƙare. Tun farko, da ya ce kowa ya zaɓi wurin dasa rakensa, na ruga na kama gefen tudu, wajen da mata ke kankarar ƙasar gishiri. Wuri fes, fari tas, ko tsinken ciyawa babu. Hamidu ya samu kwari mai baƙin laka, ciyawa har ƙugu. Kafin hantsi na gama aikina na tafi buga tamaular tsumma, in dawo in same shi dumu-dumu, in ta kiransa kwaɗon fadama.

Bayan ɗanɗanon nan na ƙi cin tuwo. Na shaida wa duk mai kunne a gidan cewa Kaka ya yi son kai: ya ba Hamidu jan rake mai laushi da aka kawo daga hayin Benin, ni ya bar ni da tsohon farin iri. Inna ta ce in rufe baki, na ƙara buɗewa. Kaka bai yi faɗa ba. Lokacin dashe ya sare kawunan raken Hamidu ya ba ni, ya kwashi nawa ya ba shi, ya ce to a sake.

Wannan shekara kam na yi aiki. Na yi dakon taki a kan jaki, na yi ban ruwa da gwangwani kafin in tafi lakwal, har mushe, malaminmu, ya dinga zane ni saboda makara. Kullum sai na leƙa kwarin Hamidu in ga ko nasa ya ƙara tsawo. Har addu'a na yi shanun makiyaya su faɗa masa.

Sanyi ya zagayo, Kaka ya sake zama bakin rijiya. Rakena ya fito ja, mai laushi, ko marar haƙori ya tauna, amma gishirin nan na maƙale a ƙarshen harshe. Farin da na raina kuwa, a kwarin Hamidu, tauri na nan, zaƙi kamar an ɗura zuma. Kaka ya dube ni ya ce, "Laushin na iri ne, jikana, zaƙin kuma sai abin da ƙasa ta ba shi. Da ka ga ciyawa ta ƙi wurin, ba ka tambayi dalili ba?" Ya miƙa wa Hamidu haumar a gabana.

Yau ina da shago a Gaya, ina sarin kafe, wato kofi, daga direbobin manyan motocin kamiyo masu dawowa daga Togo. Sukan zauna su yi min bayani wai iri ɗaya ne, amma na kan dutse ya fi na kwari ƙamshi, sai in gyaɗa kai in bar su su koya min. Kaka ya daɗe da rasuwa, rijiyar an yi mata siminti an sa inji. Duk sanyi Hamidu na aiko min da damin farin rake, jikokin irin nan nawa, da saƙon a gaida mai tudu. Yarana su yi ta wawaso. Ni kuma in koma gefe da gaɓa ɗaya, in tauna a hankali ina neman gishiri, har yau ban samu ba.