Hancin Mai Sayen Gyaɗa

Jiya a kasuwar Batsari na kwance buhun gyaɗar garin Karare, warin danshi ya bugi hancina, sai na tuna marigayi kawuna. Shi ya koya mini shinshina gyaɗa kafin ciniki, domin wadda ta fara lalacewa a ciki ido ba ya kama ta.

Wata shekara ƙurar ɓawon gyaɗa ta toshe mini hanci, goshina ya yi nauyi. Na sayi maganin ɗigawa a kemis, na yi makonni ina ɗigawa. Hancin ya buɗe, anjima ya toshe fiye da da, har na daina jin warin komai.

Kawu ya miƙo mini gyaɗa a tafin hannunsa. Na shinshina, na ce lafiyayya ce. Ashe ruɓaɓɓiya ce.

Ya ce, "Ɗan nan, sai dai ka koma sayar da itace. Ajiye kwalbar nan, ita ke cinka. Tafasa ruwa ya huce, ka sa ɗan gishiri, ka riƙa wanke hancin. Gobe mu je asibiti."

Likita ma hana ni ɗigawar ya yi. Cinikin kakar nan ya wuce ni, amma sana'ar ta tsira.

Allah Ya cika kabarinsa da ƙanshin Aljanna.