Mahaifina, Baban Kowa

Jiya a zaɓen lajna, wato majalisar ƙauyenmu, wadda Baba ya shugabanta har ya rasu, kowane ɗan takara cewa yake, "Ni ɗansa ne." Raina ya sosu. Ni ya haifa, amma su suka more shi.

Ranar sunan ɗana na fari, ƙamshin gahawar jabana da citta ya cika zaure, sai manoma suka yi sallama: an rufe ruwan tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, auduga tana bushewa. Baba ya naɗa rawani, zai tafi garin Hasahisa ya nemi a buɗe ruwan.

Na ce, "Baba, yau ma?"

Ya ce yadda ya saba, "Kai nawa ne, ka jira."

Ruwa ya dawo, amma maƙwabci ne ya raɗa wa jikansa suna.

Allah ya jiƙansa, ya haɗa mu inda babu mai kiransa.