Surukina da Labarin da Ya Ceto daga Ordinatar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tankaɗen gari ranar Talata da hantsi direban motar Maradi ya yi sallama, ya ce a kira masa maigida. Ban ji abin da suka faɗa ba. Na dai ga mijina ya shigo ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba, sai na gane Baba ya cika a likita, wato asibitin da aka kwantar da shi.

Baba mahaifin mijina ne. Ba zan rubuta sunansa ba, kamar yadda bakina bai taɓa kama shi ba tun da aka kawo ni gidan nan. Mutanen Madarunfa sun san wanda nake nufi: dattijon da ke da ordinatar, wato kwamfuta, a shagon ƙofar gida. Ya daɗe yana buga takardu a biro, wato ofishin wani furojen noma, da furojen ya tashi aka bar masa tsohuwar na'urar. Da ita yake rubuta wa ƙungiyoyin manoman Safo da Gabi buƙatunsu. Ba ya sallamar mutum sai ya karanta masa abin da ya buga, sannan ya ce, "Ka ji da kunnenka? To, yanzu ta zama taka." Kullum kuma, don gudun ɗaukewar wutar lantarki, yana cewa, "A kwafa a disket, kuran ba shi da alkawari."

Tsakanina da shi kunya ce irin ta surukai. In durƙusa in gaishe shi, idona a ƙasa. Idan yana da magana da ni, Inna matarsa yake gaya wa ko da ina wurin: "Hajiya, a ce wa mutanen ɗakin can miyar jiya ta yi."

Ni kuwa mai son littattafan soyayya ce, waɗanda fatake ke shigo da su ta Ɗan Issa. Mijina ya koya mini danna haruffa, sai na riƙa shiga shagon ranar Juma'a idan maza sun tafi masallaci, ina rubuta nawa labarin. Labarin yana buƙatar mugun tsoho mai ƙona littattafan surukarsa, ni kuma tsoho ɗaya na sani sosai. Na ba shi tabarau ɗin Baba mai ɗaurin zare, da tarinsa, har da maganarsa ta kuran. Ban taɓa kwafa ba, domin disket suna cikin akwatinsa.

Da daminar bara aka yi tsawa, kuran ya ɗauke ya dawo da ƙarfi. Ordinatar ta ƙi tashi, ko fankarta ba ta motsi, ga takardun neman iri na manoma duk a ciki. Allah ya yafe mini, fatana kada ta sake farfaɗowa. Ina bayan zana na ji Baba yana ce wa mijina, "Gangar jiki ce ta mutu, abin da ke ciki yana nan." Ya kwance kusoshi, ya ciro babban diski, ya naɗe shi a rawani, suka tafi Maradi wurin Malam Bitrus, abokin aikinsa na da, wanda ya haɗa diskin a cikin tasa na'urar.

Mijina ne ya ba ni labarin sauran. Baba ya ce sai an buɗe kowane rubutu an ga lafiyarsa. Da aka zo kan nawa, Malam Bitrus ya fara karantawa da ƙarfi, ya kwashe da dariya.

"Alhaji, wannan tsoho ai na san shi! Har zaren tabarau?"

"Bitrus, tashi ka samo mana ruwa," in ji Baba. "Wannan na cikin gida ne."

Ya zauna shi kaɗai ya karanta har inda na tsaya. Manoma sun sami takardunsu a kan lokaci. Ni kuwa na kwanta ciwon ƙarya, ina jiran a ce in tattara kayana.

Ranar da na fito, ina daka a tsakar gida, ya tsaya a ƙofar Inna da disket a hannunsa.

"Hajiya, a ba mai disket ɗin nan kayanta. Duk ya fito, ba abin da ya ɓata."

"Haba Alhaji, ga ta nan gabanka!"

"Da ke nake magana. A ce mata tarin ta kama shi daidai. Amma tsohon nan ba ya ƙona littafi, ko tsohuwar jarida ba ya bari a hura wuta da ita. A gyara wurin. Kuma labarin bai ƙare ba. An gyara na'ura, makulli yana ƙarƙashin tabarmar zaure duk Juma'a."

Inna ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na ajiye taɓarya na shige ɗaki.

Ban sake taka shagon ba. Na san kunyar suruki tarbiyya ce, amma tawa ta wuce wuri, har ta hana ni aika masa "na gode" ta bakin Inna. Bayan sadakar bakwai, Inna ta ɗaga tabarmar zaure za ta kaɗe, sai ga makullin. Ashe tun Juma'arsa ta ƙarshe a gida yana nan. Ta miƙo mini.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka da ya ga aibina ya rufe, ka rufe nasa. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna da 'ya'yansa haƙurin rashi, ka riƙa mana gidan da ya bari. Amin.

Juma'ar da ta wuce na buɗe shagon. Da na fito, na durƙusa a ƙofar Inna, idona a ƙasa, na ce, "Inna, a ce masa na gyara."