Abin da Ƙafafuna Suka Fara Ji

Ranar kasuwa ce. Da hantsi ƙanena Iliya ya goya ni a babur zuwa wani ɗan asibiti a gefen garin Babura, za a yi mini aikin ƙaba. A hanya yana ta tsokanata, wai babba da ni ina tsoron allura. Na ce ya rufe mini baki ya kalli gabansa.

Ina da suga da hawan jini. Likita ya ce ba zai yi mini allurar barci ba. Ko mutum na barci, in ji shi, jiki yana sanin an yanka shi, sai ya firgita, suga ya hau, zuciya ta yi ta bugu. Allurar baya kuwa tare saƙon take, jiki ba ya samun labari. Na yarda. Daga cibiya zuwa ƙasa na zama kamar itace, idona biyu.

Gaskiyarsa. Har aka ɗinke ni zuciyata ko gezau.

Ana kiran azahar muka ji babura da yawa. Sai harbi daga wajen kasuwar dabbobi. Ladan ya yanke kiran sallah a tsakiya.

Wani ya ƙwala ihu daga waje: "Ku fita! Kowa ya fita!"

Na ce wa ƙafafuna su tashi. Ko motsi. Firgicin da aka hana jikina ya shigo ta kunne.

Iliya ya faɗo ɗakin. Ya fizge robar ƙarin ruwa, ya saɓa ni a baya, muka bi ta ƙofar baya cikin gonar gero. Ƙafafuna suna jan ƙasa. Aka yi harbi biyu kusa da mu. Ya yi tuntuɓe, bai tsaya ba sai da muka kai wani kwari. Ya kwantar da ni rigingine, ya kwanta a kan ƙafafuna ya rufe ni.

"Yaya, kada ka ɗaga kai."

Ban ɗaga ba. Gero nake kallo da sama. Harbi ya yi nisa, ya ɗauke. Na ɗauka shirun Iliya na ɓuya ne, har ina jin haushinsa da bai ce mini komai ba.

Bayan la'asar allura ta fara sakina. Na fara jin yatsun ƙafata. Sai na ji wandona a jiƙe da jini, ya yi sanyi. Sannan na ji nauyinsa, ba ya numfashi.

Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa. Aikin ya warke lafiya lau.