Wankan Inna a Kan Turmi

Kwanan baya na je duba wata maƙwabciyarmu da aka cire wa ƙashin kwatangwalo a asibiti aka sa na ƙarfe. 'Yarta ta karanta mini takardar likita: kada ta tsuguna, kada ta harɗe ƙafa, kada ta sunkuya, wanka sai a zaune. Na yi ta dariya har suka zaci tsufa ne ya taɓa mini kai. Yo ai ni dokokin nan na haddace su tun Turawa ba su tafi ba, daga bakin wani mai ɗori mutumin Yako.

Lokacin shekarata biyu a gidan miji, a wani ƙauye kusa da Dangora. Mu uku ne a gidan: ni, maigida, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Inna mace ce mai zafin nama, ba ta yarda kowa ya hau mata rumbu. Ran nan ta kafa tsani da kanta, tsani ya goce, sai ji muka yi tim! Ƙashin kwatangwalo ya tsage.

Mai ɗori ya zo ya ja, ya tofa, ya ɗaure. Kwana arba'in tana kwance, 'yarta da ta zo daga Tudun Wada tana goge mata jiki da tsumma. Ranar da ya kwance ɗorin ya jero dokokinsa, sannan ya ce, "Inna, ƙashi ya kama, amma ɗanye ne. In kika sake faɗuwa kada a aiko mini, don ba ni da dabara. Kin zauna ke nan."

Damina ta kankama, 'yarta ta koma ɗakinta. Maigida ya kora jakuna zuwa Riruwai, zai kai wa masu haƙar kuza dawa. Aka bar ni da Inna.

To, ga inda matsalar take. Maigida ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta sake da matarsa. Shekara biyu ba mu taɓa haɗa ido ba. In tana son abu, iska take gaya wa: "Ko akwai ruwa a gidan nan?" Ni kuma in kawo in ajiye, kaina a ƙasa. Wannan matar ce za ta tuɓe a gabana? Ina!

Washegari da hantsi na dawo daga rijiya, sai ga Inna tana ɗingishi da sanda, ƙwarya a hannu, ta nufi makewayi. Makewayin nan kuwa gansakuka ta yi masa kore shar, mai ƙafa biyu ma sai ya yi da gaske. Ni kuma Allah ya yi ni da zuciya, in ta taso ba na gani. Na fizge ƙwaryar na sheƙar da ruwan, na juya na fuskanci zana na ce, "Wallahi duk mai son wanka a gidan nan yau sai ya jira!"

Inna ta dubi sama ta ce, "Ikon Allah! Yau kuma zana ake yi wa faɗa." Amma ta koma ɗaki.

Na ɗauki fartanya na kankare gansakukar tas, na ɗebo tsakuwa a rafi na shimfiɗa. Na mirgino tsohon turminmu na kife, don kujerar mata ta yi mata ƙasa. Na kafa gwafa a gefe yadda za ta riƙa dafawa, na ɗaura soso a kan muciya don ta kai ƙafafunta ba tare da ta sunkuya ba. Sai na raka ta ta zauna, na juya mata baya, na riƙa ɗebo ruwa da ludayi ina zubawa ta bayana, a makance.

Kai, wankan nan ya ga abin dariya. Ludayin farko Inna ta ce, "Ruwan nan na figar kaza ne?" Na sirka. Na biyu ta ce, "A gaya wa mai zuba ruwa kaina ba a can yake ba." Ashe zanen da za ta ɗaura nake yi wa wanka. Na cije leɓe, kafaɗuna suna rawa, ina kuma jin ta tana gyaran murya irin na mai danne dariya.

Haka muka yi mako biyu. Na ɓoye tsintsiya don kada ta sunkuya shara, ta yini tana tambayar kaji ko sun ga ɓarawon tsintsiya. In baƙi sun zo suka baje a tabarma, ita tana bisa turmi tana kallon su daga sama, tana cewa sarauta ce ta zo mata da tsufa.

Rannan muna cikin wanka sai na ji shiru, ba ƙorafi ko ɗaya. Sai gwafa ta yi ƙara. Ban yi shawara da kowa ba na waiwaya. Sabulun salo ne ya sulluɓe mata, ita kuma ta gwammace ta sunkuya da ta ce in juyo. Turmi ya riga ya karkace. Na yar da ludayi na rungume ta, na tokare turmin da gwiwa, kumfa har cikin bakina.

Tsoro ne ya buɗe mini baki. Na dube ta cikin ido na ce, "Haba Inna! A kan sabulu za ki gurgunta kanki? In kika faɗi me zan ce wa maigida? Ni ba mutum ba ce da ba za ki kira ni ba?" Sai hawaye.

Ta daɗe tana kallona, kamar ranar ta fara ganina. Can ta ce, "To 'yar nan, tunda kin gani kin gani. Cuɗa mini baya. Muciyar nan taki ba ta taɓa kai inda yake mini ƙaiƙayi ba."

Na cuɗa, tana cewa sama kaɗan, dama kaɗan, yawwa nan. Da maigida ya dawo ya tarar da mu muna cin gyaɗa a faifai ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa ya rasa wadda zai fara gaisarwa. Kafin a yanke dawa Inna ta ajiye sanda. Matan unguwa suka yi ta tsegumi wai mun zubar da kunya, ita ko ta ce su je su karye su gani.

Mun yi shekaru masu yawa tare bayan haka. Da ciwon ajali ya zo mata, ta tara dattawan mata ta ce ranar da ta cika kada a nemo kowa, ni zan yi mata wanka. Aka kuwa cika mata wasiyyarta. Da muka zo juya ta, sai na ga hannuna ya riga ni, ya tallabe kwatangwalon nan. Na ce wa matar da ke taya ni, "A hankali, nan ne wurin."