Filin da Aka Shafe wa Malama

Gwiwar Malama ce ke fara sanin an canja gwamnati. Duk sabon shugaban da aka kawo ofishin walwalar jama'a sai ya juya kujeru, ita kuma ta shigo ta ci karo da tebur inda da babu shi. Ta gaishe shi, ta maimaita abin da ta faɗa wa na jiya: makafi ba sadaka suka zo nema ba, so suke su iya kai kansu inda za su. Ta gaji da wannan bayani har bakinta kan yi shi hankalinta na wani wuri.

Tun tana ƙarama ƙyanda ta tafi da idonta. Aikinta koya wa makafi tafiya da sanda, a wani fili bayan ofishin. Da gangan ta ɓata filin: ta sa aka haƙa kwata, aka zuba duwatsu, ta hana a gyara matakala mai karyayyen baki. Gara ɗalibi ya yi ta faɗuwa a nan tana jinsa, kafin ya fita titi inda faɗuwa ɗaya ta isa.

Cikin ɗalibanta akwai wani direban tanka da ciwon suga ya makantar. Matarsa ta rufe shagon ɗinkinta don ta riƙa jansa, gida ya fara jin jiki. Malama ta yi mata alkawarin zai koma gida da ƙafarsa, shi kaɗai.

Sabon shugaban mutumin kirki ne, matsalar ke nan. Ya leƙo ta taga ya ga direba ya zurma kwata, tausayi ya kama shi. Aka ba su hutu, wai za a yi gyara. Da suka dawo Malama ta kai sanda ƙasa ta ji sumul. An cike kwatar, an kwashe duwatsun, an shafe ko'ina da siminti.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, titin ma za ku shafe musu har ƙofar gida?”

Ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce. Siminti dai ba za a fasa ba, manya za su zo buɗewa.

Ranar buɗewar direba ya ratsa filin ko tuntuɓe bai yi ba. Aka yi tafi, shugaban ya sanar cewa ya gama koyo. Matar ta riƙe hannun Malama tana godiya, ta wuce da sauri ta buɗe shago. Malama ta so ta tsayar da ita, kunya da gajiya suka hana ta.

Da aka watse, ta ji sandar direba ta nufi ƙofar fita. A bakin titi ƙarar sandar ta tsaya. Motoci na ta wucewa, ya daɗe a wurin.

Can ya ce a hankali, “Malama, ki kira min ita. Ki ce ta rufe shagon.”