Jar Dawar Tsohuwa

Shekarar da aka turo ni koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare kusa da Kurmin Kogi, ɗakin gwaje-gwajenmu ba komai ciki sai jemagu. Sai na ce wa ɗalibai kowa ya roƙo tsohon iri a gidansu, mu shuka, mu koyi adana shi da kanmu. Yawancinsu masarar kamfani suka kawo, har da jan maganinta.

Yarinya ɗaya ce ta zo da abin kirki: jar dawar kakarta, cikin tafin hannu biyu, a cakuɗe da toka. 'Ya'yan tsohuwar duk sun koma masara da rake, ba mai shuka ta. Tsohuwar ta aiko cewa dawar ke nan ta rage, kuma in ba ta shiga ƙasa bana ba, ta mutu.

Muka shuka ta bayan aji da takin awaki. Ni da ban iya riƙon fartanya ba na zama sarkin noma, yara na yi mini dariya. Dawa ta kai gwiwa, na fara jin kaina.

Wata Litinin muka tarar ganyen ya yi ruwan ɗorawa, kafin Juma'a ya bushe ƙurmus. An yi feshin maganin kashe ciyawa a gonar da ke jikin tamu, iska ta kwaso. Mai feshin kuwa ɗalibina ne, wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajin. Aikin da yake yi ke nan ranar Asabar don taimakon gida.

"Malam, ka yi haƙuri," ya ce, kansa a ƙasa. "Na san illarsa, kai ka koya mana. Amma ba mai ɗaukar ɗan fartanya yanzu."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona mini rai. A jarrabawa ya jero illolin feshi tsaf, na ba shi makinsa. Tun ranar na daina yarda cewa alli zai iya da abin da ciki ke so.

Na bi yarinyar gida don in faɗa wa tsohuwar da bakina. Na durƙusa muka gaisa, gajiya, iyali, ruwa. Sannan na faɗa mata.

"Ko zangarniya ɗaya?" ta tambaya.

"Ko ɗaya, Iya."

"To," ta ce. "Ashe ita za ta riga ni."